A Ƙara Wa'adin Kai Ƙara, Haƙurin Mai Bin Bashi Ba Laifi Ba Ne



Akwai wata doka a jihar Legas da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba, alhali tana kwance a cikin kowane littafin bashi da muke ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Dokar wa'adin kai ƙara ce. In kana bin mutum kuɗin ciniki, ta ba ka shekara 6 daga ranar da ya kamata ya biya ka. In shekara 6 ta cika ba ka shigar da ƙara ba, ƙofar kotu ta rufe a fuskarka. In fili ne ko gida wani ya shige ya zauna, shekara 12. In rauni aka ji maka saboda sakaci, kamar mota ta kaɗe ka, shekara 3. 'Yan uwanmu na Sabo a Badun nasu ma ya fi namu gajarta, domin a jihar Oyo bashi shekara 5 ne, fili shekara 10.

Ranar da ka je kotu a makare, alƙali ba ya buƙatar jin shaidunka. Lauyan wancan zai miƙe ya nuna kwanan wata guda biyu, ranar da haƙƙinka ya wajaba da ranar da ka shigar da ƙara. Alƙali ya yi lissafin da ɗan firamare zai iya yi, ya kori shari'ar. Mutumin yana zaune a gabanka, ya san kuɗinka na wuyansa, kai ka sani, wataƙila alƙalin ma zuciyarsa ta ba shi, amma an gama.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Wannan wa'adi ya yi kaɗan ga irin cinikin da muke yi, kuma yadda ake ƙirga shi zalunci ne a kan mai haƙuri. Ya kamata a ƙara shi, a kuma gyara yadda ake lissafinsa, kuma mu ne ya kamata mu fara ɗaga murya, tunda mu abin ya fi ci.

Ku dubi yadda muke kasuwanci. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912 kakanninmu suke ɗora huhun goro daga nan zuwa Arewa, shanu suna gangarowa Kudu, kuma duk abin nan a kan amana ya tsaya. Har gobe haka ne. Mai shanu ya sauke tirela, mai gida ya tsaya masa, dillali ya haɗa shi da mahauci a Oko-Oba, mahauci ya ja sa ya ce sai ya sayar da nama. A Mile 12 kwandon tumatir da buhun albasa haka suke fita. Wa ya rubuta? Wa ya sa hannu? In an yi da yawa, mai kaya ya rubuta suna da adadi a littafinsa da ajami, shi kaɗai ya san da shi.

To, bashi ya maƙale. Shekarar farko ba wanda zai buɗe baki, saboda kunya, kuma kowa ya san kasuwa ta yi wa mutumin nauyi. Shekara ta biyu ka aika yaro, a ce masa Alhaji ya yi tafiya. Ta uku ka je da kanka, ya tarbe ka da goro da ruwan sanyi, ya ce wallahi bayan Babbar Sallah. Sallah ta wuce, wata ta zo. Sai ka kai maganar wajen liman. Na sha zama irin wannan zaman a zauren masallaci bayan la'asar, a yi nasiha, mai bashi ya sunkuyar da kai, har hawaye wani yakan yi, a yanka masa lokaci, a shafa fatiha. Lokacin ya wuce. Daga nan sai fada, wajen Sarkin Hausawa da dattawa, a sake zama, a sake yanka lokaci. Kafin ka ce ka gaji za ka nemi lauya, shekara bakwai ta shuɗe. Duk matakin nan da ka bi, wanda addini da al'ada suka ce shi ne mutunci, doka ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da ta gani kawai shi ne ka yi barci a kan haƙƙinka.

Kada wani ya ɗauka zancen zaure nake yi. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke wannan magana tun 1994, a shari'ar Eboigbe da kamfanin mai na NNPC. An lalata wa mutanen amfanin gona a 1979 wajen shimfiɗa bututun mai a tsohuwar jihar Bendel. Aka yi ta musayar takardu ana neman a daidaita, sai 1985 aka shigar da ƙara. Kotun Ƙoli ta ce lokaci ya wuce, kuma tattaunawar neman sulhu ba ta tsayar da wa'adi. Rashin sanin doka ma ba ya tsayar da shi, haka rashin karatu. Wato mai wayo shi ne wanda zai yi ta jan ka da daɗin baki, yau gobe, yau gobe, har ranar ta cika.

Kuma muna da irinsu a cikinmu, kada mu ɓoye. Da can mai cin bashi guduwa yake yi, ya bar gari, don ya san in ya zauna ba wanda zai sake ba shi ko ƙwaryar goro. Yanzu wasu sun waye. Mutum ya sami lauyan da ya raɗa masa cewa in ya daure shekara shida ya tsira, sai ya zauna daram a sahun gaba, ya sake mota, ya aurar da 'ya da bidiri, ya tafi Umara, mai kuɗin kuwa yana neman na cefane. In an yi masa magana ya ce ai maganar ta mutu a doka. Alhaji, ji nan. Dokar da kake fakewa da ita ma ba ta ce bashin ya faɗi ba. Cewa ta yi kotu ba za ta tilasta maka ba. Bashin yana nan a wuyanka, ko a wajen Bature. A wajenmu kuwa ka san hadisin da ke cikin Bukhari, na gawar da aka kawo Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi mata salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ban ji inda aka tambayi shekara nawa bashin ya yi ba.

Masu kare wannan doka suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ce shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓacewa, mutum yana mantuwa, kuma bai kamata a bar wani yana kwana da fargabar za a tono masa maganar shekara talatin ba. Wani ɗalibin lauya a unguwar nan ya ce mini, Malam, ai ko a shari'ar Musulunci akwai hauzi. Gaskiya ne akwai. A Risala mun karanta cewa wanda ya riƙe gida shekara 10, mai da'awa yana gari, yana gani, bai ce uffan ba, to ba a sauraronsa bayan nan. Amma ɗana, dubi sharuɗɗan. Sai yana nan, sai yana sane, sai ya yi shiru, sai babu abin da ya hana shi magana. In tsakanin dangi ne malamai sun tsawaita lokacin ƙwarai, saboda sun san ɗan uwa yana kawar da kai ga ɗan uwansa don zumunci. Mutumin da ya kai ƙara wajen liman, ya kai fada, ya tara dattawa sau uku, wannan ya yi shiru? Ko Daular Usmaniyya ta Turkiyya, da ta tsara dokokin mu'amala a littafin Majalla, shekara 15 ta sa wa da'awar bashi. Ta kuma karɓi uzuri: ƙuruciya, taɓin hankali, tafiya mai nisa, ko abokin shari'a ya kasance mai ƙarfin da ake tsoro. In kuma wanda ake ƙara ya amsa a gaban alƙali cewa ana bin sa, tsawon lokaci ba ya cetonsa. Saboda haka ba wai muna cewa kada a sa iyaka ba ne. A sa, amma a sa ta inda za ta kama mai sakaci ta ƙyale mai haƙuri.

Ita ma dokar Legas tana da 'yan sassauci, a faɗi gaskiya. Tana ɗaga wa ƙaramin yaro da mai taɓin hankali, tana kuma ɗagawa in an yi zamba an ɓoye maka haƙƙinka. Sai dai ba ta san uzurin mutumin da ya tafi gida jinyar mahaifiya ya shekara biyu ba, ko wanda rashin tsaron hanya ya tsare shi a ƙauye, ko wanda ke jin nauyin kai surukinsa gaban alƙali.

Shekara shidan nan ma daga ina ta fito? Daga Ingila, daga wata doka ta 1623. Mutanen da suka yanka ta ba su taɓa ganin kara ba, ba su san mai gida da dillali ba. Aka kwaso ta aka kawo mana, muka riƙe kamar wahayi.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ta jami'an gwamnati. Akwai dokar tarayya ta kare ma'aikatan hukuma, asalinta tun 1916, zamanin Gwamna Lugga, kuma jihohi da yawa suna da irinta. Ta ce in jami'i ya cuce ka a bakin aikinsa, wata 3 kake da shi ka kai ƙara. Wata uku! Kotuna sun fitar da wasu abubuwa daga ƙarƙashinta, kamar kwangila da maganar fili, da jami'in da ya fita daga hurumin aikinsa da mugun nufi, kuma ƙarar take haƙƙin ɗan Adam ba ta da wa'adi a ƙa'idojin 2009. Amma kafin ka tabbatar wa kotu cewa taka tana cikin waɗannan, lauya ya ci rabin jarinka. Ka ɗauki ɗan kasuwar da aka tsare masa mota a hanya har kayan gwari suka ruɓe. Watan farko yana yawon ofis-ofis yana roƙo. Wata na biyu yana neman wanda ya san wani. Na uku yana neman rancen da zai sake tayar da jari. Yaushe ya huta har ya tuna da kotu? Ita hukumar kuwa, in filinta ne a jihar nan, shekara 20 doka ta ba ta ta nema. Turawan da suka kawo mana wannan kariya, tasu ta 1893 wata shida ce, kuma sun soke ta tun 1954. Mu muna nan muna goyon abin da mai shi ya yar shekara saba'in da suka wuce.

Sannan wa'adin nan ba ruwansa da ko kotun a buɗe take. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Legas saboda korona. A Oktoban shekarar aka ƙone babbar kotun Igbosere. A Afrilun 2021 ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aiki a faɗin ƙasa, ƙofofi a garƙame fiye da wata biyu. Mai wata uku a hannu, me ya rage masa? A Indiya, Kotun Ƙolinsu da kanta ta tashi ta ce duk ranakun da ke tsakanin 15 ga Maris 2020 da 28 ga Fabrairu 2022 kada a ƙirga su a wa'adin kowa. Kusan shekara biyu cur. Ashe ana iyawa in an ga dama.

Maganar fili kuwa ta fi ta bashi muni, don a nan haƙƙin kansa ne yake mutuwa. Bayan shekara 12 wani yana zaune a filin da ka saya da takarda, ba da izininka ba, kai kuma ba ka kai ƙara ba, doka ta share mallakarka. Nawa ne cikin iyayenmu suka sayi fuloti a bayan gari lokacin yana daji, suka koma gida da tsufa, suka rasu a can? Lissafin da ya fara tun uba yana da rai, mutuwarsa ba ta mayar da shi farko. Marayu su girma a Katsina ko Sakkwato, su zo da takarda a leda, su tarar da bene hawa biyu.

Abin da ya sa na ce gyaran nan mai yiwuwa ne, an riga an fara buɗe ƙofar. A 2018, a shari'ar Sifax da Migfo, Kotun Ƙoli ta yarda cewa lokacin da mutum ya ɓata yana shari'a a kotun da ba ta da hurumi ba za a ƙirga masa shi ba, tunda bai yi barci ba. A watan Mayu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar tarayya ta sasanci, wadda ta ce in an fara zaman sasanci wa'adi yana tsayawa har a gama. Madalla. To amma wane zama? Wanda aka san ranar da ya fara da ranar da ya ƙare, akwai takarda. Namu na zaure, wanda ba a rubuta komai sai fatiha, da me za ka nuna wa alƙali an yi shi? In wanda ya yi kuskuren kotu an ɗaga masa, wanda ya je gaban Sarkinsa da limaminsa ya fi cancanta, don shi ya rage wa kotun aiki ma. Gwamnatin jihar nan da bakinta take kiran mutane su yi sulhu, an kuma buɗe zauren sasanci a jikin babbar kotu tun 2002. Ba daidai ba ne a ce mana ku sasanta, sannan a hukunta mu don mun tsaya sasantawa.

Don haka abin da za mu kai Alausa ba shi da yawa. A rubuta ƙarara a dokar jiha cewa zaman sulhu a gaban shugaban al'umma da gwamnati ta sani, ko Sarkin Hausawa ne, ko Baale, ko shugaban kasuwa, yana tsayar da wa'adi muddin an shigar da shi a rajista. A ɗaga wa'adin bashi daga 6 zuwa 10 aƙalla. A karɓi amsawar baki a gaban shaidu biyu adilai, tunda yawancin cinikin kasuwa da baki ake yinsa. A cire ranakun da kotu take rufe. Ta wata ukun nan kuwa aikin majalisar tarayya ne, a daidaita jami'i da kowa. Wannan ba buƙatar Bahaushe kaɗai ba ce. Iya mai sayar da atamfa bashi a Oshodi da Inyamurin da ke ba da kayan gyaran mota a Ladipo duk ciwo ɗaya ke damunmu, in mun kira su za su zo.

Wani zai ce ƙarin wa'adi zai sa mutane su ƙara sakaci. Wane mai kuɗi ne yake jin daɗin jira? A 2015 dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba da sa bashi a wancan lokacin, in an biya shi yau kuɗin ba za su sake saya masa wani sa ba. Mai bin bashi ya riga ya sha hukuncin jiransa a kasuwa, ba sai doka ta ƙara masa wani ba.

Yanzu na juyo kanmu. Majalisar dokokin jihar nan kujera 40 ce, biyu daga ciki na Agege ne, kuma Mudashiru Obasa da ya hau shugabancinta a 2015 daga mazaɓar Agege ta ɗaya ya fito. Duk zaɓe ana zuwa Zango neman ƙuri'a. Me muke roƙa? Shinkafar azumi, kujerar Makka, a gyara kwata. Ban taɓa jin shugabanninmu sun zauna da ɗan takara sun ce ga doka kaza tana cutar 'yan kasuwarmu ba. Muna da 'ya'ya lauyoyi yanzu, maza da mata, waɗanda aka haifa a unguwar nan. Ƙungiyoyin 'yan goro, 'yan shanu da 'yan gwari suna karɓar kuɗin ƙungiya kowane mako. A ce duk a rasa wanda zai rubuta takarda shafi biyu a kai majalisa?

Akwai kuma masu cewa kotu ba tamu ba ce, Musulmi ba ya kai ɗan uwansa gaban alƙalin boko. Na ji, kuma ni ma sulhu na fi so, shi ya sa nake zama a yi shi. Amma nan ba Kano ba ce. Fada ba ta da ɗan sanda, ba ta da ikon kama dukiyar kowa. Ƙarfin sulhunmu shi ne kunya, da sanin cewa in ka ƙi akwai inda za a kai ka. Ranar da mai taurin kai ya gane wancan wurin ya rufe, me zai sa ya saurari dattawa? Kunyar mara kunya asara ce. Wanda yake son fada ta yi ƙarfi, shi ya fi kowa buƙatar ƙofar kotu ta daɗe a buɗe.

Kafin a gyara doka, ga abin da ita dokar ta yanzu ta yarda da shi, kowa ya riƙe. In wanda kake bi ya rubuta cewa kana bin sa kaza, ya sa hannu, lissafin shekara shida yana komawa farko daga ranar. In ya biya wani abu daga ciki, ko kaɗan ne, nan ma yana komawa farko. Saboda haka in zai rage maka, ya turo ta banki da sunansa, ko a rubuta rasit. Kada ka dogara da saƙon murya na WhatsApp, doka rubutu da sa hannu ta ambata. Kuma wanda zai ce neman takarda rashin yarda ne, ya koma ya buɗe Suratul Baƙara. Ayar da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci ita ce ta 280. Aya biyu a gaba, ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ita ce ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Mun riƙe ta farko mun saki ta biyu.

Ina roƙon Mai Martaba Sarki da 'yan majalisarsa, Allah ya ja zamaninsu, a sayi babban littafi a ajiye a fada, a sa magatakarda. Duk zaman sulhun kuɗi a rubuta ranar, da sunayen ɓangarorin, da adadin da aka amsa, wanda ake bi ya sa hannu, a ba kowa kwafi. Limaman unguwa mu ma mu yi haka a masallatanmu. Wannan ba ya jiran Alausa, kuɗin littafi da biro ne.

Wanda kuma ya ba da kaya shekara biyar da ta wuce har yau shiru, ya buɗe littafinsa yau da dare ya duba kwanan wata. In mutumin ya ƙi rubutawa ya ƙi ragewa, akwai kotun ƙananan basussuka da jihar Legas ta buɗe a 2018 a kotunan majistare. Lokacin da aka buɗe ta tana karɓar da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, an tsara a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba. Takardar neman biya ake fara aika masa, daga nan a cike fom.